Inna Fargaba da Takardar Jikin Bango

Benen azuzuwa na makarantar firamaren da ke gindin tudu gini ne da ba ya motsi. Tun ranar da aka buɗe shi aka tabbatar wa jama'a cewa zai yi shekara ɗari biyu a tsaye ba tare da ya gusa ko da faɗin silin gashi ba. Wannan ba ra'ayi ba ne da za a tsaya jayayya a kansa. Hedimasta da bakinsa ya faɗa a gaban manyan baƙi, aka tafa, aka zana maganar a allon ƙarfe, aka kafa shi a bakin matakala da kusoshi huɗu.

A ƙarƙashin wannan allo wata mata take wucewa kowace safiya, ƙarfe bakwai saura kwata, da jaka a hammata da makulli a ƙulle a bakin mayafi. Ita ce mai kula da ɗakin karatun yara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara ashirin da bakwai, kuma ba a shirya mata taro ba. Yara suna kiranta Inna. Malamai, da yake sun fi yara ilimi, suna kiranta Inna Fargaba.

Sunan ya bi ta, ba za a ce an zalunce ta ba. Matakala ashirin da biyu ce zuwa sama, kowace sai ta taka ta a hankali kamar mai tambayar izini. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a saman benen, tagarsa tana kallon jikin tudun da aka yanka aka kafa ginin, kusa ƙwarai, har mai dogon hannu zai iya tsinko ciyawa. Idan ta buɗe tagar sai ta ɗaga kai ta dubi sama, sannan ta sunkuya ta dubi ƙasa, ta ga wanne ne zai riga ɗan'uwansa kawo mana ziyara. Sai ta zauna ta jera kayan aikinta a tebur: gam, almakashi, allura da zare. Littafin da ya wuce ta hannun yara arba'in ba ya dawowa da ƙafafunsa. Ita ce ke ɗinke shi, ta liƙe shafin da ya yage, ta goge wa hoton farin wata gashin bakin da wani ɗan aji huɗu ya zana masa.

Tana da ƙa'ida guda da ba wanda ya ɗora mata. Ba ta miƙa wa yaro littafin da ba ta karanta shi daga bango zuwa bango ba. Idan kuma littafin ya ce "gwada wannan da kanka", to sai ta gwada. Daga nan duk bala'inta ya samo asali, domin rabin kantocin ɗakin littattafan taurari ne da na ƙasa da duwatsu, masu manyan hotuna da ƙananan jimloli.

Yaro zai karanta cewa wata rana rana za ta kumbura ta lashe duniya, ya rufe littafi ya fita buga ƙwallo. Inna ta karanta wannan shafin, ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Malamin lissafi ya same ta a ɗakin malamai ta yi tagumi. Ya ce, "Haba Inna, shekara biliyan biyar fa aka ce."

Ta ce, "Lokaci ba ya da wuya, Malam. Jiya-jiya ba nan kake zuwa da majina kana aron littafin giwa ba?"

Ta san cewa ƙasar da muke takawa tana tafiya a hankali, daidai da saurin tsirar farce, saboda haka duk ranar da ta yanke farce sai gabanta ya faɗi. Ta san akwai duwatsu masu girman gari suna yawo a sararin sama ba direba. Shekarar da aka yi husufin rana, mai gadi shaida ne, ta kwana uku tana huda kwalaye da allura don yara su kalli hoton rana a jikin takarda, ranar kuma ta tsaya a tsakar makaranta tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji, tana ihun kada wanda ya ɗaga ido. An yi mata dariya har aka gaji. Babu yaron da idonsa ya lalace, amma wannan ba ya shiga lissafi, domin abin da bai faru ba ba a ba kowa lambar yabo a kansa.

Littafin da ya jawo maganar nan siriri ne, bangonsa a yage, ya zo cikin kwalin kyauta tare da wasu. Tana cikin ɗinke shi ta kai shafin da ke bayanin zaftarewar ƙasa. An zana wani gida a gindin tudu, an sa masa idanu da baki yana zare ido. A ƙasa an jera alamomi don yara su gane: ƙofofi su fara ƙin rufuwa, bango ya tsage, turakun wuta su karkata, ruwa ya ɓullo inda da babu. Idan ruwan nan mai haske ya koma laka, in ji littafin, ka bar wurin, ka gaya wa babba. Sai kuma ɗan akwati a gefe, gwada da kanka: ka liƙa siririyar takarda a kan tsagar bango, ka rubuta kwanan wata. Idan ta yage, bangon yana tafiya.

Inna ta ɗaga kai daga littafin. Sama da kantar littattafan taurari akwai tsaga, daga kusurwar taga zuwa rufi.

Ba a ce makarantar ba ta san da waɗannan alamomi ba. Ta san su, tana kuma maganin kowace a kan lokaci. Bango ya tsage, a cike da siminti a shafa fenti. Ruwa ya ɓullo a bayan gini, Hedimasta ya ce albarka ce, ya sa aka dasa furanni a wurin. Ƙofa ta ƙi rufuwa, a kira Kafinta ya kankare ta. Da farko sau ɗaya a zango yake zuwa, daga baya ya koma kowane wata. Mutum ne mai son raha, ko yaushe da fensir a bayan kunne.

Ya ce mata wata rana yana kankare ƙofarta, "Inna, ƙofofin benen nan sun fi ɗan yaye saurin girma. In aka ci gaba haka, baɗi labule za a sa muku, don babu katakon da zai rage."

Ta ce, "Ƙofar ce ke girma, ko ramin ne ke matsewa?"

Kafinta ya tsaya da aiki ya dube ta. Ranar bai ƙara wata raha ba.

Ta yanki takarda faɗin yatsa biyu, ta shafa gam ɗin gyaran littafi, ta hau kujera, ta liƙa a kan tsagar, ta rubuta kwanan wata. Ta farko ta yi kwana arba'in kafin ta yage. Ta biyu kwana goma sha tara. Da damina ta kankama, ta uku ba ta cika mako ba. Kowace ta yage sai ta ɓamɓare ta ta sa a ambulan.

Da ambulan ɗin da littafin ta je ofishin Hedimasta, wanda yake can tsallaken tsakar makaranta, a tsohon gini mai hawa ɗaya, nesa da tudu. Ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta yi sallama. Ta zazzage takardun a teburinsa, ta buɗe masa shafin. Ya saurare ta da haƙuri irin na manya. Sannan ya juya littafin ya karanta abin da ke bayansa.

Ya ce, "Don 'yan shekara bakwai zuwa goma. Inna, shekarata hamsin da shida. Littafin nan ba da ni yake ba."

"Ranka ya daɗe, takardun nan dai a jikin bangonmu suka yage."

"Injiniya ya sa hannu a kan ginin nan. Injiniya mai digiri biyu. Ke kuma kin zo min da gida mai idanu." Ya tura mata littafin da ɗan yatsa. "Bara rana ce za ta cinye mu, bana kuma tudu. Ki saurare ni da kyau. Idan maganar nan ta fita, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, ke za ki yi wa manyanmu bayani. Wata nawa ya rage miki?"

"Huɗu."

"Fayil ɗinki fes yake, ko ɗigo babu. Ki fita da shi haka."

Ta tattara takardunta ta ce ta gode. Ta koma sama ta liƙa ta huɗu.

Aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Safiyar kwana na huɗu Inna tana zaune a gida, shayinta ya huce a gabanta. Jikarta, 'yar 'yarta da take riƙo, tana ɗaura igiyar takalmi. Aji uku take, ajin da ke ƙasan ɗakin karatu daidai.

Inna ta ce wa mijinta, ba tare da ta dube shi ba, "Yau yarinyar nan ba za ta je ba. Kamar tana mura."

Yarinyar ta ce, "Kaka, lafiyata ƙalau!"

Mijin tsohon direban babbar mota ne, ya shekara talatin a kan hanya, yanzu aikinsa sauraron rediyo da tsokanar matarsa. Amma ranar bai tsokane ta ba. Ya rage muryar rediyon.

Ya ce, "Na taɓa ganin tudu ya sauko kan hanya. Ba ya sallama. Motar da ke gabana har yau ba a ga lambarta ba. In kin bar yarinyar nan a gida, kin yarda ke nan abin zai faru. In kuma kin yarda, sauran 'ya'yan wa za a bari a ciki?"

"Ni wa zai saurare ni? Kai ma dariya kake min."

"Dariyata daban. Ni ban taɓa cewa ƙarya kike ba, cewa nake kin cika sammako."

Ta kama hannun yarinyar suka fita. Ta faɗa daga baya cewa ta tafi da ita ne don ta san halin kanta: idan jikarta tana gida, tsoron Hedimasta zai rinjaye ta, ta zauna ta yi ɗinkinta tana addu'a. Sai ta ɗauki abin da ta fi so a duniya ta kai shi cikin ginin, don tsoro ɗaya ya danne ɗayan.

Da suka isa makaranta, yarinyar ta shiga aji, ita kuma ta fara zagayawa bayan benen. Ruwan albarkar Hedimasta, wanda jiya ana ganin tsakuwar ƙasansa, ya koma kalar shayi da madara, ya kwashe furannin. Turken wutar da ke gefen tudu ya sunkuya kamar mai gaisuwa. Ta hau sama, da ƙyar ƙofar da aka kankare ranar Litinin ta buɗu. Takardar da ta liƙa jiya da aka tashi ta yage, kuma ɓangarorin biyu ba sa kallon juna: ɗaya ya sauka ƙasa da ɗayan da kusan faɗin farce. Littafin ya ce a gaya wa babba, ta kuwa riga ta gaya wa babba.

A ƙasanta da gefenta akwai azuzuwa shida, yara ɗari biyu da goma sha huɗu, ana jin muryoyinsu suna rera jadawalin lissafi. Ita kuwa ba ta da ikon kaɗa ƙararrawa. Ikonta a makarantar bai wuce ta ce wa yaro ya wanke hannu ba.

Abin da take da shi littattafai ne. A babban littafin taurari akwai wasan da take yi wa aji guda sau ɗaya a shekara: a fita fili, yaro ɗaya ya zama rana, takwas su zama duniyoyi, a auna tazarar kowace da taku, don yara su ga irin faɗin da sama take da shi. Ta ciro kwalayen da ta rubuta sunayen duniyoyin, ta jefa siririn littafin a jaka, ta bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce wa kowane malami yau za a yi wasan ne da kowa da kowa, a filin ƙwallo, can ƙarshen makaranta. Tun da aka ƙirƙiri makaranta ba a taɓa samun malamin da ya ƙi a ɗauke masa yara na awa guda ba. Matsalar ita ce malaman kansu, kowa yana so ya zauna ya miƙe ƙafa.

Malamin lissafi ya ce, "Ki tafi da su, Inna, ni ina da makin da zan yi. Kuma yayyafi ake. Kuma mutum tara wasan yake ci, ina za ki kai ɗari biyu?"

"Sauran duwatsun sama ne, tsakanin duniya ta huɗu da ta biyar. Dubbai ne, yaran ma ba su isa ba. Malam, ka taimake ni, ni in na wuce taku hamsin lissafi ɓace min yake."

Ya dubi fuskarta, ya gane ba maganar lissafi ba ce. Ya ajiye jan birosa ya tashi.

Ita ce ta ƙarshen fita. Ta leƙa kowane aji, ta leƙa ƙarƙashin matakala, ta jawo babbar ƙofar benen da ƙarfinta duka, ƙofar ta shige ta cije.

A fili aka tsayar da rana a bakin raga, aka jera duniyoyin suna nesanta da tudu, kowace da malami a gefenta. Duwatsun sama suka kama zagaye suna ihu, suna karo da juna, wanda dama shi ne aikinsu. Yayyafi yana sauka. Minti ashirin. Minti arba'in. Awa guda. Benen yana tsaye da fentinsa, ko gezau.

Wannan awar ita ce abin da ba wanda ya gani, domin a cikin ƙirjinta aka yi ta. Ta kama kanta tana roƙon Allah kada ginin ya faɗi. Sai ta tuna in bai faɗi ba za a mayar da yaran ciki. Ta rasa abin da za ta roƙa. Tana tsaye a cikin ruwan sama, tana kallon rigunan yara suna jiƙewa, tana tunanin wataƙila dai ita ce tsohuwar banzar da littafin yara ya zautar.

Sai ga Hedimasta da lema, Kafinta yana biye da shi, don an kira shi ranar saboda ƙofar aji huɗu.

"Wa ya ba da izinin wannan hauka? Yaran mutane a cikin ruwa! Kowa ya koma aji, yanzu!"

Ya busa usur. Yara suka fara shiga layi, malamai suna sunkuyar da kai. Ya ce wa Kafinta ya je ya buɗe babbar ƙofa, an ce ta cije. Kafinta ya tafi. Ya ba da labari daga baya cewa da ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon, sai ya ji shi yana gurnani a hankali kamar cikin kyanwa, ga yashi yana zubo masa a wuyan riga. Ya dawo da sauri fiye da yadda ya tafi.

"Ranka ya daɗe, na manta kayan aiki a shago."

"Wannan jakar da ke kafaɗarka fa?"

"Abincin rana ne."

Jakar da bakin zarto yake leƙowa daga cikinta. Hedimasta ya ce to a bi ta ƙaramar ƙofar gefe. Layin farko, 'yan aji ɗaya, ya fara tafiya.

Inna Fargaba, wadda ba ta taɓa tsallaka titi ba sai ta jira wani ta bi bayansa, ta sha gaban layin ta buɗe hannuwa biyu. Muryarta ba ta fita da kyau, sai da ta maimaita.

"Ba a gama ba. Duniya ba ta zagaya rana ba, shekara ba ta cika ba. Ku koma, sai kun zagaya sau ɗaya!"

Yara dai yara ne, an ba su zaɓi tsakanin jadawalin lissafi da gudu a cikin ruwa. Layin ya watse, suka kwasa suka koma fili.

Hedimasta ya matso har lemarsa tana ɗiga mata ruwa a ka. "Kin san abin da kika yi? A gaban malamai? A gaban yara?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ka rubuta cewa ni ce na ƙi."

"Zan rubuta kuwa."

Bai kai ga juyawa ba turken wutar nan ya kwanta, a hankali, kamar wanda ya gaji da tsayuwa. Aka ji ƙara irin ta tifa tana juye tsakuwa, sai dai wannan tifar ba ta ƙarewa. Tudun ya shigo ta tagogin baya ya fito ta na gaba. Ɗakin ƙarshe na sama shi ya fara tafiya, ya sauka a kan aji uku, sauran suka bi shi. Ƙasa ta girgiza a tafin ƙafar kowa. Daga nan sai shiru, babu abin da ake ji sai yayyafi a kan lemar Hedimasta.

Kafin kowa ya dawo hayyacinsa Inna ta fara ƙirga kawuna. Ɗari biyu da goma sha uku. Ta sake. Malamin lissafi ya karɓa ya ƙirga da kansa, aji-aji. Ɗari biyu da goma sha uku. Ta juya ta dubi tarin lakar da yake aji uku a da, ta nemi fuskar jikarta a cikin yaran ba ta gani ba, ta zauna a cikin taɓo.

Kafinta ne ya hango ta. Can ƙarshen fili, jikin katanga, wata 'yar yarinya tana tsaye ita kaɗai ta ɗaga jiƙaƙƙen kwali sama. Duniya ta takwas ce, wadda ta fi kowace nisa. Malamar da aka ajiye mata ta taho jin usur, ita kuwa ba wanda ya ce mata an tashi. A nan kaɗai aka taɓa kama Inna da son kai a shekara ashirin da bakwai: da ta zo rabon kwalaye, jikarta ta ba wa mafi nisa daga tudu, sannan tsoro ya mantar da ita.

Aka kafa kwamitin bincike, mutum biyar, suka zauna sau uku. Aikinsu ba sauƙi. Sa hannun injiniya ba ya kuskure, tudu kuma ba a iya aika masa takardar tuhuma. Ambulan ɗin yagaggun takardu yana ƙarƙashin laka tare da littattafai dubu uku. Ba a gayyaci Kafinta ba saboda ba shi da takardar shaida. Malamin lissafi ya yi magana, aka ce a rubuta an ji. Inna ta ciro siririn littafin daga jaka ta miƙa, shugaban kwamitin ya juya bayansa ya karanta shekarun da aka yi shi dominsu, ya mayar mata.

Sakamako ya fito. An gano cewa an tara littattafai fiye da kima a ɗakin sama, kuma mai yiwuwa nauyinsu ya taimaka. An gano cewa wata ma'aikaciya ta riƙa liƙa takardu da gam a jikin bango. An gano ta fitar da yara cikin ruwa ba da rubutaccen izini ba, har uku suka yi mura, ta kuma bijire wa umarni a bainar jama'a. An yaba wa Hedimasta bisa yadda ba a rasa yaro ko ɗaya ba a ƙarƙashin jagorancinsa. Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Inna, ke ce matsoraciyar da ta fi jarumai amfani. Ke ce kika ɗauki littafin 'yan shekara bakwai da muhimmanci, a wurin da masu shekara hamsin suka girme shi. Ke ce kika hau kujera kika liƙa takarda sau huɗu, sau biyar, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya gode. Akwai gidaje kusan ɗari biyu da ake faɗa da yara kowace safiya a kan wanka da neman safa, mafi yawansu ba su san wa ya bar musu wannan faɗan ba. Mun gode a madadinsu. Allah ya saka miki, ya ba ki hutun da za ki iya yanke farce gabanki bai faɗi ba.

Mu kuma da ya rage, abin koyin ba shi da tsada. Idan yaro ya zo gida da littafi mai hotuna, a karɓa a karanta, har ɗan akwatin da ke gefe. Wanda ƙofarsa ta fara cijewa ya tambayi kansa abin da Inna ta tambayi Kafinta. A yanki takarda, a rubuta kwanan wata. Ana bukatar masu yin haka da gaggawa, domin an fara haƙa harsashin sabon bene, ɗan gaba kaɗan a jikin tudun nan. An kuma tono allon ƙarfen daga cikin laka lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi ba. An goge shi yana sheƙi, yana jingine a ofis yana jiran sababbin kusoshi.

Ranar Talatar da ta wuce aka kira Inna wannan ofishin. Takardar gargaɗi ce, shafi ɗaya, wadda za ta shiga fayil ɗin nan da ko ɗigo babu, ta kuma ɗauke mata takardar yabon da ake ba duk wanda ya gama aiki lafiya. Hedimasta ba ya nan, ya tafi karɓar tasa takardar yabon. Sakatare ya tura mata takardar bai iya haɗa ido da ita ba.

Ta sa tabarau ta karanta daga farko har ƙarshe, don ba ta taɓa barin takarda ta wuce ta hannunta ba ta karanta ba. Kusurwar ta ɗan naɗe, ta miƙar da ita da farce. Ta sa hannu, ta mayar wa sakatare birosa, ta ce ya gaida mutanen gida.